Kabewar Turawa a Bayan Gida

Jama'a, akwai wata 'yar'uwar kabewa da ake kira zukini, wasu su ce kabewar Turawa. Doguwa ce kamar kokwamba, kuma ba ta yaɗo irin na kabewarmu, wuri ɗaya take tsayawa ta baza ganye fala-fala. Asalin danginta ƙasar Meziko ne, amma manoman arewacin Italiya ne suka fito da wannan iri a ƙarni na 19. A nan gida, masu lambu a Jos suna nomanta.

Mai son shukawa ya zaɓi inda rana ke bugawa sosai, ya gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya bar tazarar mita ɗaya tsakanin ramuka. A riƙa ba ta ruwa a gindi. Bayan kamar kwana 50 sai a fara tsinka.

To, ga inda ake tafka kuskure. Mutum ya buɗe takardar iri, zumuɗi ya ɗebe shi, ya shuka gindi goma, alhali biyu ko uku sun ishi gida guda. Ita kuwa ba ta jiran kowa. Wadda ka bari ran Litinin kamar yatsa, kafin Juma'a ta zama taɓarya. Saboda haka a tsinke ta tana santimita 15 zuwa 20, lokacin da farce ke shiga fatarta ba gardama. A ɗaga ganye a leƙa kullum, don can ƙasa take laɓewa ta yi ƙiba.

In kuma an riga an yi sake ta cika kwando, kada a bar ta ta ruɓe. A aika yara da ita maƙwabta. Saura a yanka sala-sala a shanya a tabarma, yadda ake yin busasshiyar kuɓewa da kauɗa. Wadda ta ƙasaita, a fere ta, a ƙwaƙule 'ya'yan, a jefa a miyar taushe, ko da yake, gaskiya, ba ta kai kabewa zaƙi da kauri ba. Italiyawa har furen suke soyawa, kuma duk furen macen da aka cire, an rage ɗa guda ke nan.

Sai gargaɗi. Kafin a dafa, a ɗan taɓa yanki a harshe. In an ji ɗaci, a zubar da ita duka, domin guba ce da wuta ba ta kashewa, tana kawo amai da gudawa.