Warware Tambayoyin Fiziks da Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a azuzuwan farko na firamare. Har a manyan azuzuwa ma, malamin kimiyya a Gwaram ko Birnin Kudu kan koma ga Hausa da zarar ya ga ɗalibai sun yi tsit. Sai dai kalmar yau da kullum kan ɗauki ma'anoni da yawa, alhali lissafi ma'ana ɗaya yake bukata. Wannan darasi zai warware tambayoyi uku domin nuna yadda kuskuren zaɓen kalma ke haifar da kuskuren amsa.

2.0 Motsi: Zurfin Rijiya

Tambaya: An saki tsakuwa daga bakin wata rijiya a Gwaram, ta taɓa ruwa bayan daƙiƙa 2. Mita nawa ne daga baki zuwa ruwa?

Abin lura na farko shi ne aikatau. "Saki" na nufin tsakuwar ta faro daga tsaye cik, ba ta da sauri ko kaɗan. Da an ce "jefa", to hannu ya ba ta saurin farko, kuma amsar za ta sauya. Na biyu, wajibi ne a bambanta "sauri" da "ƙaruwar sauri". Fizgar ƙasa na ƙara wa abin da ke faɗuwa saurin kimanin mita 10 a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa.

Zurfi = ½ × 10 × 2 × 2 = mita 20.

3.0 Ruwa: Matsi a Bakin Famfo

Tambaya: Saman ruwan da ke cikin tankin makaranta ya ɗara bakin famfo da mita 5. Nawa ne matsin ruwan a bakin famfon yayin da yake rufe?

Bahaushe kan ce "ruwan yana da ƙarfi", sai ɗalibi ya zaci yawan ruwa ne ke kawo ƙarfin, ya shiga neman faɗin tanki. Alhali matsi ya dogara ne ga tsayin ruwan da ke bisa, ba faɗinsa ba. Don haka ya dace a keɓe "ƙarfi" ga turi ko ja, a bar "matsi" ga rabon ƙarfin da ke kan kowace murabba'in mita. Mita kubik ɗaya ta ruwa, wato lita 1,000, tana da kilogiram 1,000.

Matsi = 1,000 × 10 × 5 = faskal 50,000.

4.0 Sauti: Duwatsun Birnin Kudu

Birnin Kudu ta shahara da zane-zanen shanu na zamanin da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Akwai kuma duwatsun da ke ba da amo kamar kuge idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya wallafa bayaninsu a 1956.

Tambaya: Ɗalibi ya tafa hannu yana fuskantar dutse, ya ji amsa-kuwwa bayan rabin daƙiƙa. Idan sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, yaya nisansa da dutsen?

Kalmar "amsa-kuwwa" ita kanta ta nuna hanya, domin amsa ba ta zuwa sai kira ya isa. Ke nan sauti ya yi tafiya biyu, zuwa da dawowa.

Nisa = 340 × ½ ÷ 2 = mita 85.

A nan ma a bambanta "ƙara" da "kari". Wanda ya tsananta bugun dutse ƙara ya ƙara masa, amma karin amon bai sauya ba, domin kari ya dogara ne ga yawan karkarwa a daƙiƙa. Haka abin yake a furuci: idan tantanin maƙwallato ya yi saurin karkarwa, sai a sami karin sama. Shi ya bambanta "kuka" na hawaye, mai kari sama-sama, da "kuka" ta miya, mai kari sama-ƙasa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa a kowace tambaya, kalma ce ta fara shata hanyar lissafi. Hakkin malami ne ya tsayar wa kowace keɓaɓɓiyar kalma ma'ana ɗaya, ya kuma riƙe ta daga farkon zango zuwa ƙarshensa.

6.0 Auna Fahimta

1. Sake warware tambayar rijiya idan lokacin ya zama daƙiƙa 3.
2. Kawo ma'anoni uku na kalmar "nauyi", sannan ka zaɓi wadda ta dace da darasin kimiyya, tare da hujja.