Tantin da ya dace da mai zuwa Gashaka-Gumti

Wanda ya yi niyyar zuwa Gashaka-Gumti ya fara da tunanin inda zai kwana, domin dajin ba na shiga da safe a fito da yamma ba ne. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Daga Jalingo ake bi ta Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun yake. A nan za a ba ka izini da ma'aikacin da zai yi maka rakiya, a nan kuma za ka tambayi halin tsaron hanya. Lokacin zuwa rani ne, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika su raba ka da inda ka nufa.

In za ka kafa zango a inda mota ke kaiwa, ka yi kwanaki, shawarata ita ce tantin kambas, wato na yadin auduga mai kauri. Auduga tana barin iska ta ratsa. Da tsakar rana, sa'ad da tantin nailan ya koma kamar tanderu, cikin na kambas ana iya kishingiɗa. Da dare kuwa, sanyin tsaunuka ba wasa ba ne, kuma numfashin mutane uku a tantin nailan kan taru ya zama raɓa ya riƙa ɗiga a kan bargo kafin asuba. Kambas yakan bar wannan danshin ya fice. Ga shi rana ba ta cin sa da wuri yadda take ƙona nailan har ya riƙa yagewa da kansa. Wanda aka kula da shi yakan yi shekaru goma ko fiye, in ya yage kuma mai ɗinkin tamfol a kowace kasuwa zai yi masa faci da allura da zare mai ƙwari.

Sabon tanti fa yakan yi yoyo, kada ka ce an cuce ka. Tun a gida ka kafa shi a tsakar gida, ka jiƙa shi sharkaf, ka bar shi ya bushe, ka maimaita sau biyu ko uku. Zaren auduga yana kumbura in ya sha ruwa, shi ne ke toshe kafofin da allura ta bari. In ana ruwa kada kowa ya jingina kaya ko jiki da yadin ta ciki, nan take ruwa zai biyo wurin.

Abokan gabarsa biyu ne, fumfuna da gara. Duk tantin da aka naɗe da lema, kwana kaɗan zai yi baƙin tabo da wari, zaren ya ruɓe. In dole ta sa ka naɗe shi a jiƙe, ka shanya shi da isarka. Gara kuma auduga abincinta ce, saboda haka ka nisanci suri, ka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. Kada a wanke shi da omo, goga busasshiyar ƙasa da buroshi ya wadatar. Girki a waje, nesa da igiyoyi, saboda gudun gobara. Mahajjata na tuna gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300 ta kuma sa aka sauya tantunan wurin da waɗanda wuta ba ta kamawa da sauƙi. Abinci ma a kulle shi a mota, don gwaggon birin dajin nan ba ya jin kunyar baƙo.

Sai nauyi, wanda shi ne babban aibin tantin kambas. Tantin da zai ɗauki mutum huɗu ko biyar yakan kai kilo 25 zuwa 35 da sandunansa da turakunsa. Ba wanda zai hau Chappal Waddi da wannan a ka, ko an ɗauki 'yan dako. Ranar hawan dutse ka bar na kambas a zango, ka ɗauki ƙaramin na nailan a jaka. In kuɗinka na tanti ɗaya ne kuma tafiyarka ta mota ce, sayi na kambas.