Darasin Mako: Yadda Za Mu Zaɓi Kundin Waƙoƙi Biyu Don Insha'in Kwatance

Barkanmu da sake haɗuwa a allon ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu. Darasinmu na wannan mako ya shafi insha'i, amma za mu bi ta hanyar abin da kowa yake so, wato waƙa.

A manyan makarantu kamar kwaleji, akan ce wa ɗalibi ya zaɓi kundin waƙoƙi biyu, abin da ake kira albam, ya kwatanta su a rubuce. Mu ma a ƙaramar sakandare ana ba mu aikin kwatanta abu biyu, kuma gara mu iya tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibai da yawa tun wajen zaɓe suke zubar da makinsu. Sai mutum ya ɗauko mawaƙan da ya fi so, ya rubuta layi biyar na yabo, daga nan abin faɗa ya ƙare. Ga sharuɗɗa huɗu da za su hana mu shiga wannan hali.

Sharaɗi na ɗaya: su haɗu a wani abu

Kwatance yana nufin a ajiye abu biyu kusa da juna a duba inda suka yi kama da inda suka bambanta. Idan babu inda suka yi kama ko kaɗan, to babu kwatance. Ana kwatanta doki da jaki domin duka ana hawansu, amma ba wanda zai kwatanta doki da tukunya. Saboda haka mu nemi kundi biyu da suka haɗu a zamani, ko a jigo, ko a kayan kiɗa, ko a irin mutanen da ake yi wa waƙar. Misali, Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo duka makaɗan fada ne, kuma duka da kotso suke kiɗa. Wannan haɗuwa ce mai kyau.

Sharaɗi na biyu: su rabu a wani abu

Idan kuma kamar ta yi yawa, insha'in zai zama maimaici. Wanda ya ɗauki kundi biyu na mawaƙi ɗaya, duka na soyayya, duka da kiɗan fiyano iri ɗaya, zai rasa abin da zai ce bayan sakin layi na farko. Mu koma ga misalinmu. An san Narambaɗa da riƙe ubangida guda, wato Sarkin Gobir na Isa Amadu. Shi kuwa Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna da manya da yawa waƙa, har da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Ga tambaya ta fito: shin yabon mai ubangida ɗaya daidai yake da yabon mai iyayen gida da yawa? Wannan tambaya kaɗai ta isa ta cika shafi biyu.

Sharaɗi na uku: mu iya samu, mu iya ganewa

Ba a rubutu a kan waƙar da ba a saurara ba. Kafin mu kai wa malam sunan abin da muka zaɓa, mu tabbata muna da waƙoƙin, ko a wayar wani babba a gida, ko a memori, ko a tsohon kaset. Sannan mu tabbata muna jin harshen. Hausar Narambaɗa ta ƙasar Gobir ce, kuma ɗalibin da bai saba da karin harshen yamma ba zai buƙaci mai fassara masa wasu kalmomi. Wannan ba dalilin gudu ba ne, sai dai a ware masa lokaci. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma kakanninmu sun fi kowa sanin waɗannan kalmomi.

Akwai wani abin lura. Mawaƙan zamani irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suna fitar da kundi mai suna, waƙoƙi a jere. Tsofaffin makaɗa kuwa, waƙoƙinsu da yawa a gidajen rediyo da wuraren biki aka ɗauke su, masu kaset suka harhaɗa yadda suka ga dama. Idan haka ta faru, sai mu zaɓi waƙa uku ko huɗu na kowane mawaƙi, mu rubuta sunayensu a farkon insha'i, mu ce a kansu za mu yi magana.

Sharaɗi na huɗu: waƙar da ba za mu ji kunyarta ba

Insha'i malam ne zai karanta, wataƙila ma a ce mu karanta a gaban aji. Duk waƙar da ba za mu iya kunnawa a gaban iyayenmu ba, mu bar ta. Waƙoƙi masu tsafta sun yi yawa, ba za mu rasa ba.

Misali cikakke: Shata da Ɗanmaraya

Bari mu gwada sharuɗɗan a kan mutum biyu da kowa ya sani.

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, shi ya sa ake ce masa Dakta. Shi kuma Ɗanmaraya Jos, sunansa na yanka Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a Jos a 2015.

Ina suka haɗu? Duka da Hausa suka yi waƙa, sun yi zamani tare, kuma rediyo ya kai muryoyinsu ko'ina. Duka ba su tsaya a fadar sarki ɗaya ba, jama'a suke yi wa waƙa.

Ina suka rabu? Na farko, kayan kiɗa. Shata da kalangu ake yi masa kiɗa, yana da makaɗa da 'yan amshi a bayansa. Shi yana bayarwa, su suna karɓa. Ɗanmaraya kuwa shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ba mai yi masa amshi. Na biyu, jigo. A Bakandamiya Shata kansa yake wasawa, yana nuna ya fi sauran mawaƙa. Ya yi waƙar addini mai suna Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, ya kuma yi waƙa a kan kumbon Apollo 11 da ya kai mutane duniyar wata a 1969. Ɗanmaraya ya fi karkata ga zaman yau da kullum. Karen Mota waƙar yaran mota ce, mutanen da ba kasafai ake kula da su ba. Jawabin Aure da Gulma Wuya sun taɓo zaman aure da abin da ke ɓata shi.

Daga nan sai mu fitar da tambayar da insha'in zai amsa. Misali: wace hanya ce ta fi isar da saƙo, ta mai amshi ko ta mai waƙa shi kaɗai? Wani zai ce amshi yana sa a haddace waƙa da sauri, domin ana ta maimaita shi. Wani zai ce mai waƙa shi kaɗai ya fi samun damar ba da labari tun daga farko har ƙarshe ba tare da an katse shi ba. Duk wanda muka ɗauka daidai ne, muddin mun kawo hujja daga cikin waƙoƙin da muka saurara.

Yadda za mu tsara aikin

1. Mu saurari kowace waƙa aƙalla sau uku: na farko don jin daɗi, na biyu don kalmomi, na uku don kiɗa.
2. Mu ja layi a tsakiyar takarda, mawaƙi ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Mu cike jigo, kayan kiɗa, amshi, karin magana, da wanda aka yi wa waƙar.
3. A gabatarwa mu faɗi waɗanda muka zaɓa, da dalilin zaɓen, da tambayarmu.
4. A gundarin insha'i kowane sakin layi ya ɗauki batu ɗaya, ya taɓo mawaƙan biyu tare. Kada mu gama da ɗaya kaf sannan mu koma kan ɗayan, wannan tarihi biyu ne aka manna.
5. A kammalawa mu amsa tambayar da muka yi tun farko.

Mu kiyayi kwafe abin da muka gani a intanet. Malam ya san Hausar kowannenmu, kuma shekarun haihuwar wasu tsofaffin makaɗa sukan zo daban-daban a wurare daban-daban, don haka a tambayi malam kafin a rubuta.

Aikin wannan mako: kowa ya tambayi babba ɗaya a gidansu mawaƙa biyu da ya fi so a lokacin ƙuruciyarsa. A auna su da sharuɗɗan nan huɗu, a rubuta tambaya ɗaya a kansu, a miƙa wa wakilin ƙungiya na ajinku. Tambayoyin da suka fi kyau za mu liƙa su a wannan allo mako mai zuwa, in Allah Ya yarda. Mu huta lafiya.