Tsirran da Suka Rina Tufafin Matan Edo

A birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokyo, an yi wani gwanin zane mai suna Torii Kiyonaga (1752-1815). Ya yi fice wajen zana mata dogaye cikin tufafin alfarma, suna shan iska a bakin kogin Sumida, ko suna kallon furanni a tudun Asukayama. Buga waɗannan hotuna ake yi. Masassaƙi yakan sassaƙa zanen a kan allunan katako, kowane launi da allonsa, sannan mai bugu ya shafa rini, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai. A 1765, zamanin Suzuki Harunobu, bugu mai launuka da yawa ya kankama.

Abin lura ga ɗalibin ilmin halittu shi ne yawancin kayan aikin daga tsirrai suka fito. Takardar daga ɓawon icen kozo ake yin ta, kuma dogayen zarurrukansa ne ke sa ta jure murza sau da yawa ba ta yage ba. Ja daga furen Carthamus tinctorius ne. Rawaya kuwa har da gangamau a ciki.

Shuɗi iri biyu ne. Na farko baba ne daga Persicaria tinctoria, tsiron da ba dangin Indigofera na marinar Ƙofar Mata ba ne, amma sinadarin rininsu ɗaya. Na biyu daga furen Commelina communis ake samunsa, 'yar'uwar balasar da manomi ke nomewa a gona. Shuɗinta na da kyau ainun, sai dai ba shi da ƙarko. Sinadarin anthocyanin ne da ke riƙe da magnesium, kuma danshi kaɗan ko haske ya isa ya wargaza wannan haɗi. Da shi da jan fure ake haɗa launin shunayya, shi ya sa rigar da mai kallo ke gani ruwan ƙasa a yau, mai yiwuwa shunayya ce ranar da aka buga ta. Wanda ya yabi "sanyin launin" tsofaffin hotunan, sau da yawa ɓarna yake yabo.

Wajen 1830 shuɗin Prussia, wanda aka fara haɗawa a Balin, ya mamaye sana'ar saboda ba ya saurin koɗewa. Hotunan Kiyonaga sun riga shi, don haka gidajen tarihi ke ajiye su cikin duhu, ba a baje su sai na 'yan watanni, cikin hasken da bai wuce lux 50 ba.