Tafiya a Kan Kogin Kwara: Yadda Ake Zaɓen Yanki, Lokaci da Hanya

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. Ɗalibin da ya karanta rayuwar kifi a littafi ya san wani abu, amma wanda ya zauna a cikin jirgi ya ga tarwaɗa na tasowa ta shaƙi iska ta koma ƙasa ya fi shi sani. Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare kan shirya tafiyar nazari a bakin ruwa. Sai dai tafiyar ruwa ba irin ta tudu ba ce. Wanda ya zaɓi wurin da bai dace ba zai ɓata kuɗi ya dawo bai ga kome ba, wanda kuma ya zaɓi lokacin da bai dace ba yana iya jefa rayukan ɗalibansa cikin haɗari. Darasin wannan karo zai duba yadda ake wannan zaɓi, tare da ɗaukar Kogin Kwara a matsayin misali, musamman daga inda ya shigo Nijeriya ta ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi.

Nahiya Mai Faɗi, Koguna Iri-iri

Faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, saboda haka ba wanda zai zaga ruwayenta a tafiya ɗaya. Kowane babban kogi da abin da yake koyarwa. Kogin Nilu, mai tsawon kimanin kilomita 6,650, ya ratsa hamada, kuma jiragen 'yan yawon buɗe ido da ke kai da kawowa tsakanin Luksor da Aswan a Masar sun fi nuna tarihi da noman rani. Kogin Kwango ya ratsa kurmi mai yawan ruwan sama, jirage na bin sa daga Kinshasa zuwa Kisangani. Shi kuwa Kwara, wanda ake kira Neja, shi ne na uku a tsawo, kimanin kilomita 4,180. Ya fi sauran dacewa da ɗalibin Arewa domin yana kusa, kuma ya bi ta kurmi da daji da gefen hamada duka.

Mafarin Kwara yana tsaunukan ƙasar Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika. Maimakon ya gangara teku kai tsaye, sai ya juya mata baya ya nufi arewa maso gabas, ya bi ta Bamako da Mopti, ya kusanci Tambutu, sannan ya karya kudu ta Gao da Yamai. Mandingo na kiran sa Joliba, Zabarmawa kuma Isa Ber. Bayan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Jamhuriyar Benin, ya wuce tsakanin Gaya da Malanbil, sai ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo.

Tambayoyi Huɗu Kafin Zaɓe

Malamin da ke shirin tafiya ya kamata ya amsa tambayoyi huɗu, bi da bi. Ta farko, me ake son ɗalibai su gani? Ta biyu, a wane wata ne abin yake samuwa? Ta uku, yaya zurfin ruwa da ƙarfinsa suke a wannan wata? Ta huɗu, akwai zaman lafiya a wurin, akwai kuma izinin hukuma? In amsar ta huɗu a'a ce, sauran ukun sun faɗi, kome kyansu.

Ambaliya Biyu a Shekara Ɗaya

Wanda bai fahimci cikar Kwara ba ba zai iya amsa tambaya ta biyu da ta uku ba. Yawancin gulaben Arewa, kamar Rima da Ka, sau ɗaya suke cika a shekara, da damina. Kwara kuwa sau biyu yake cika a yankin Bagudo da Yawuri.

Cika ta farko ita ce farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman da aka yi a ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Kebbi da arewacin Benin ne ke wanko laka da yumɓu ya zubo cikin kogin, shi ya sa ruwan kan yi kauri, launinsa kamar na koko.

Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa, wadda kan iso wajen Disamba ta kai ƙololuwa a Janairu zuwa Fabrairu, a lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu a Kebbi. Wannan ruwa an yi shi ne a Gini da damina. Da ya iso tsakiyar Mali, sai ya malale a wata ƙatuwar fadama da ke tsakanin Jenne da Tambutu, wadda ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. A can gudunsa ke raguwa, lakar da ya ɗauko ta kwanta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na ruwan ya bi iska saboda zafin rana. Ragowar ne ke isowa Nijeriya bayan wata biyar ko shida, a tace, mai duhu-duhu idan an kalle shi daga cikin jirgi. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma kogin kan janye, yashi ya fito tsibi-tsibi, manyan jirage su riƙa tokarewa.

Daga nan za a gane cewa Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa da ɗalibai. Ruwa na da zurfi, ba guguwar damina, sauro ya ragu, tsuntsayen ƙaura kuma sun iso. Aibin lokacin ɗaya ne, wato hazon hunturu da ke rufe ido da sassafe, don haka a jira rana ta ɗaga kafin a tashi.

Yanki na Farko: Daga Lolo Zuwa Mahaɗar Rima

Wannan yanki na fadama ne. Kogin yana da faɗi, yana rarrabuwa yana haɗuwa, ga gungu nan da can, ga shinkafa da albasa a gaɓa. Garuruwan Lolo da Illo tsofaffin mashigai ne na fatake, kuma Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Sarkawa masunta duk suna cin abinci daga wannan ruwa.

A nan ne ɗalibi zai ga dangantakar ambaliya da haihuwar kifi. Idan farin ruwa ya hau fadama, ciyawa da kashin shanu kan ruɓe su zama taki, ƙananan halittun da ido ba ya gani su yawaita, kifaye kuma su bar tsakiyar kogi su shiga ciyawa su yi ƙwai. Bargi kan gyara sheƙa mai da'ira a cikin ciyawa, yauni ya gina tasa tana yawo a saman ruwa, macen karfasa kuwa a cikin bakinta take renon ƙwanta. Da ruwa ya janye, 'ya'yan da suka yi ƙwari sai su koma kogi. Gaiwa, wadda ke da huhu, ba ta komawa. Takan nutse cikin taɓo ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta yi watanni a haka har ruwa ya dawo. Darasin a fili yake: shekarar da fadama ba ta cika ba, kifi zai yi ƙaranci a shekara mai zuwa.

Ciyawar burugu, mai tsawo da bin ruwa yayin da yake hawa, ita ce abincin shanu da rani kuma mafakar ƙananan kifi. Ita ce kuma abincin ayu, dabba mai shayarwa da ke haihuwar ɗa ɗaya bayan cikin kusan shekara guda. Wannan jinkirin haihuwa ne ya sa farauta kaɗan ke iya ƙarar da shi, shi ya sa dokar kare namun daji ta 1985 ta hana kashe shi. Tsuntsaye kuwa akwai zalɓe da kirinjijiya da ɗinya da jinjimi, ga agwagin ruwa da ke ƙetaro Sahara daga Turai suna gudun sanyi.

Yanki na Biyu: Yawuri da Tafkin Kainji

Daga Yawuri zuwa kudu, kogi ya zama tafki. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya rufe kusan murabba'in kilomita 1,300, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa.

Amfanin wannan yanki shi ne kwatanta ruwa mai gudu da ruwa mai tsayawa. A tafki, ƙananan halittu masu yawo a ruwa kan yawaita, ƙananan kifaye irin su warangi su ci su, giwan ruwa kuma, wanda kan haura kilo 100, ya ci ƙananan kifayen. Ga jerin ci-ni-in-ci-ka a fili. Tsibiran Foge, waɗanda aka sa a jerin muhimman dausayoyin duniya a 2008, matattarar tsuntsaye ce. A Sabon Busa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, inda ɗalibai za su ga masana a bakin aiki.

Sai dai tafkin yana da nasa haɗarin. Kututtukan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan a ƙasa, kuma idan ruwa ya ragu sukan matso kusa da cikin jirgi. Iska ma takan tayar da igiyar ruwa fiye da yadda take yi a kogi, domin ba abin da ke tare ta.

Yanki na Uku: Ƙetaren Iyaka

Sama da Gaya, kogin ya yi wani lanƙwasa mai kama da harafin W, wanda daga gare shi ne gandun dajin da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kai ya sami sunansa. Akwai giwaye da ɓauna da dorina. A Mali kuma jiragen fasinja sun daɗe suna bin kogin daga Kulikoro zuwa Gao a watannin cikar ruwa. Amma a nan ne tambaya ta huɗu take tasowa. An rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A Satumban shekarar aka kai wa wani jirgin fasinja hari a Mali, mutane da dama suka rasu. Tun 2024 kuma an sha samun hare-haren 'yan bindiga a wasu dazukan iyakar Kebbi da Sakkwato. Don haka wannan yanki a nazarce shi a kan taswira. Ko yankuna biyun farko ma, kada a tashi sai an tuntuɓi hakimi da jami'an tsaro da sarkin ruwa na wurin.

Lissafin Hanya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tafiya da dawowa daidai. A ɗauka jirgi mai inji yana yin kilomita 12 a awa a ruwa mai tsayawa, kogin kuma yana gudun kilomita 3 a awa. In ana gangara, gudun jirgin 15 ne, in ana hawa kuwa 9. Tafiyar kilomita 45 za ta ci awa 3 a gangare, amma awa 5 a dawowa, jimla awa 8, ba a ma sa lokacin tsayawa nazari ba. Wanda ya tashi ƙarfe tara da wannan shiri, dare zai yi masa a kan ruwa. Dabara ita ce a gajarta nisa, a fara da hawa tun ana da mai da ƙarfi, a bar gangara ta zama dawowa. In inji ya mutu, ruwa zai kawo jirgin wajen gida.

Ayyukan Ɗalibai a Cikin Jirgi

Kayan aikin ba su da tsada. A ɗaura farin faranti a igiya mai alamar santimita, a zura shi har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Wannan ke nuna yadda hasken rana ke ratsa ruwan, hasken da tsirrai ke bukata don haɗa abincinsu. A auna zafin ruwa da safe da azahar, domin ruwa mai zafin digiri 20 kan riƙe kimanin miligiram 9 na iskar shaƙa a lita, amma a digiri 30 kimanin 7.5 ne. A bakin gaɓa, a auna mita 10, a jefa lemo a ƙidaya daƙiƙun da zai yi, a fitar da gudun ruwa. A mashaya kuma a nemi izinin masunta a zana kifayen da suka kamo, a rubuta sunan kowanne da Hausa da sauran harsunan wurin. Minjirya dai a kalle ta kurum, domin lantarkin jikinta kan haura bolt 300.

Lafiya da Tsaro

A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Lodi fiye da kima da tsufan jirgi da rashin rigar ceto su ne ke yawan jawo irin wannan asara. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare da hawa jirgi ba rigar ceto. Malami ya ƙidaya riguna kafin ya ƙidaya ɗalibai, ya kuma riƙe takardar yardar iyaye.

Kada a bar kowa ya yi wanka ko ya taka ruwa mai kwanciya a gefen ciyawa. A nan ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya suke, tsutsar kuma ta fata take shiga. A wuraren da ruwa ke gudu kan duwatsu akwai wani ƙaramin baƙin ƙuda da ke yaɗa ciwon makanta, ko da yake rabon magani ya rage shi ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2025 cewa Nijar ta kawar da shi. Dorina kuwa, musamman mai ɗa, a ba ta hanya tun daga nesa.

Kammalawa

Makarantar da ke son nazarin fadama da kifi da tsuntsaye, yankin Bagudo a watan Janairu ya ishe ta. Wadda ke son ganin abin da madatsa ke yi wa kogi ta nufi Yawuri da Kainji. Kowace aka zaɓa, kilomita 10 da aka bi a tsanake ana aunawa ana rubutawa sun fi kilomita 100 da aka wuce a guje. Kafin a tashi, ɗalibai su gwada amsa waɗannan tambayoyi a aji:

1. Me ya sa Kwara ke cika a Janairu alhali ba a ruwan sama a Kebbi?
2. In aka gina babbar madatsa sama da Yamai, me zai iya faruwa da haihuwar kifi a fadamun Illo?
3. Jirgi mai gudun kilomita 10 a awa zai hau kogi mai gudun kilomita 2 a awa har kilomita 24, ya dawo. Awa nawa tafiyar za ta ci gaba ɗaya?