TOKA MAGANIN TSAMIN ƘASA

Manoma, ku sani ƙasa ma tana yin tsami kamar miya. Gonar jigawa irin ta Gusau, Tsafe da Bunguɗu, in aka daɗe ana zuba mata takin salfa ko yuriya ba takin gargajiya, sai ta yi tsami. Daga nan dawa da gyaɗa ba su cin moriyar taki sosai, kuɗinku ya tafi a banza.

Ina dalili? Abincin shuka gida biyu ne. Na farko dangin ƙarfe ne: kalsiyam, fotasiyam da magnesiyam. In sun ƙone, watau sun haɗu da iskar oksijin, sai su zama gari mai kashe tsami. Su ne ke cikin toka. Shi ya sa uwargida ke sa ruwan toka in yakuwa ta cika tsami.

Na biyu ba ƙarfe ba ne, kamar farar wuta da naitirojin. Su in sun haɗu da oksijin tsami su ke haifarwa. Haka naitirojin na salfa da yuriya ke yi cikin ƙasa.

To, ga abin yi:

1. A tara tokar murhu inda ruwa ba ya taɓa ta, a barbaɗa a gona kafin huɗa.
2. Kada a gauraya toka da salfa ko yuriya. Ƙarfin takin zai bi iska.
3. Kada a ƙone kara don neman toka. Naitirojin da farar wuta su kan tafi cikin hayaƙi.
4. A riƙa kai takin dabbobi kowace shekara.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona.