Nauyi Ba Inganci Ba Ne: Nazarin Ma'aunin Tantance Allon Kumfa da Zirin Rufe-Baki na PVC

1.0 Gabatarwa

A tunanin Bahaushe, nauyi abokin daraja ne. Ana cewa magana mai nauyi, ana jin nauyin surukai, kuma masassaƙi ya daɗe da fifita kirya da maɗaci a kan rimi saboda nauyinsu da ƙwarinsu. Wannan maƙala ta dubi yadda wannan tsohon ma'auni yake yaudarar mai saye a kan kayan aiki biyu da suka shigo sana'ar kafinta, wato allon kumfa na robar PVC da zirin robar da ake liƙawa a bakin allo domin rufe shi. Mafi yawansu daga masana'antun ƙasar Sin ake shigo da su.

2.0 Allon Kumfa

Girman allon da aka saba gani shi ne milimita 1220 da 2440, wato ƙafa 4 da ƙafa 8. Abin da masana'anta ke yin ciniki a kansa shi ne cikar jikin allon: giram nawa ne a kowane sukwayar santimita mai tsawo da faɗi da zurfi. Allo mai kaurin milimita 18 da cikar 0.55 zai kai kimanin kilo 29 da rabi. Idan aka ɗora shi a sikeli ya tsaya a kilo 27, to cikarsa 0.50 ce kawai, ko me takardar kaya ta ce.

Wannan ha'incin mai sauƙin kamawa ne. Wanda ya fi shi wuya shi ne na garin alli, wato kalshiyam kabonet, da ake cuɗawa cikin robar. Kaɗan daga cikinsa halattaccen sinadari ne, amma da yake ya fi roba araha kuma ya fi ta nauyi, yawansa na ba da allo mai cika sikeli amma mai gautsi. A nan ne kafintan da ya ɗaga allo ya ce “wannan da nauyi” yake faɗawa tarko. Gwajin da ya dace shi ne a yanka samfur a dubi ramukan kumfar ko ƙanana ne kuma daidai wa daida, a lanƙwasa siririn yanki, sannan a ɗaura sukuru a gefensa a ga ko zai riƙe ko zai rugurguje.

3.0 Zirin Rufe-Baki

Kaurinsa kan kama daga milimita 0.4 zuwa 3. Ido kan tsaya ga launi, alhali rayuwar zirin tana bayansa ne, inda ake shafa wani siririn sinadari da ke sa gam ya kama. Idan shafen bai game ba, zirin zai ɗaɗe ranar aiki, ya ɓanɓare bayan watanni, ruwa ya sami hanyar shiga allon MDF ya kumbura shi. Zirin da ya yi fari a inda aka lanƙwasa shi ko aka datse shi alama ce ta yawan alli. Ya kamata kuma a gwada shi da zafi, domin wanda zai ja jiki a bazarar Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40, zai bar kusurwa a buɗe.

Akwai kuma abin da hannu ba ya ji, wato dalma. Tarayyar Turai ta taƙaita ta a kayan PVC zuwa ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari tun daga Nuwamban 2024, saboda haka ya dace mai odar kaya ya nemi takardar gwajinta ban da shaidar SONCAP.

4.0 Giɓin Kalma

Hausar kasuwa tana da “kauri” da “nauyi” da “ƙwari”, amma ba ta da tsayayyiyar kalma ga dangantakar nauyi da girma. “Cikar jiki” da aka yi amfani da ita a sama shawara ce, kuma tana da rauni, domin allon da aka cusa wa alli shi ma cikakke ne. Har ila yau kalmar “roba” ita kaɗai ke ɗauke da PVC da ABS da sauran danginsu, ga shi kuwa farashinsu da juriyarsu ga zafi sun bambanta.